Ziyarar Ɗalibai Zuwa Sifaniya: Su San Gidan Wa Za Su

Ranar Jumma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani Alhaji ɗan kasuwa, maƙwabcinmu a Unguwar Sanusi, ya tare mu a ƙofar gida da takarda a hannunsa. Makarantar da ɗansa yake karatu ce ta aiko, wai tana shirya wa 'yan ajin ƙarshe ziyarar kwana goma zuwa ƙasar Sifaniya a babban hutu, domin su ga al'adun mutanen can. Ya ce, "Malam, kuɗin da suka yanka ya kai jarin wani, ga yaro ya hana ni sakat. In biya, ko kuwa yawon banza ne wanda Shari'a ba ta yarda da shi ba?"

Muka karɓa muka duba. An rubuta kwanaki a Madrid da Barsalona, da filayen ƙwallo, da dandalin da ake wasa da bijimai, da daren kaɗe-kaɗe da raye-raye. Can a ƙasan takardar aka maƙala yini ɗaya a Ƙurɗuba, yini ɗaya a Garnaɗa, don ganin abin da suka kira tsofaffin gine-ginen Larabawa. Wannan layin na ƙarshe shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo maganar cikin wannan fili, domin mun tabbata ba Alhaji kaɗai ne irin wannan takarda take iske shi ba.

Tafiya a kan kanta ba laifi ba ce. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, Bahaushe kuwa ya ce gani ya kori ji. Abin da muka ce wa Alhaji shi ne, duk wanda ya tsara takardar nan bai san gidan wa zai kai yaran ba.

Ƙasar nan ita ce Andalus. Musulmi sun shige ta a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyad, mulkinsu bai ƙare a cikinta ba sai 1492, watau kusan shekara ɗari takwas. Kuma ba sai mun yi nisa ba wajen neman alamunta, suna nan cikin zaurukanmu. Ishiriniyar da ake rerawa a Unguwar Sanusi da Tudun Wada duk watan Mauludi, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne, ya rasu a 1230. Ashafar da ake karantawa da azumi ta Alƙali Iyal ce, wanda aka haifa a Sabta, ya yi alƙalanci a Garnaɗa, ya rasu a 1149. Ita kuwa Sabta, ko da yake a gaɓar Afirka take, Sifaniya ce take riƙe da ita har yau. Muwaɗɗar Imam Malik da muka fi sani ta zo mana ne ta ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Ɗan Malik mai Alfiyya, wadda ba a zama malamin nahawu a ƙasar nan sai an bi ta kanta, mutumin Jayyan ne. Ga Ƙurɗubi mai tafsiri, sunansa ma ya isa shaida.

Ma'aikatan gwamnati da ke karanta mu, musamman na ɓangaren shari'a, sun san Tuhfatul Hukkam. Alƙalanmu sun daɗe suna kafa hujja da ita a kan aure da ciniki da rantsuwa da shaida. To, wanda ya tsara ta, Ibn Asim, babban alƙalin Garnaɗa ne, ya rasu a 1426, shekara sittin da shida kacal kafin garin ya faɗi. Ashe ke nan ɗan kasuwar da aka yanke wa hukunci a kotun Kaduna a kan bashi, wata ila da ƙa'idar da aka rubuta a Garnaɗa aka raba masa gardama, bai sani ba. Hatta rubutun allonmu, inda ake ɗiga wa fa'un a ƙasa, ƙaf kuma a yi mata ɗigo ɗaya a sama, haka yake a littattafan Andalus na hannu. Yaron da ya yi makarantar allo, in ya ga ɗaya daga cikinsu a gidan adana kayan tarihi, zai karanta shi kai tsaye, alhali mai yi masa jagora yana kallo kurum.

Sai dai akwai abin da zai sosa musu rai, gara a gaya musu tun daga gida. Babban masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman Addakhil ya fara ginawa wajen 785, an mai da shi majami'a tun 1236. Ginshiƙansa fiye da 800 suna nan tsaye, mihrabinsa yana nan da ayoyi a jikinsa, amma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. A 2010 wasu baƙi Musulmi daga Ostiriya suka gwada, abin ya kai ga kokawa da masu gadi, har 'yan sanda suka kama mutum biyu. Kada ƙuruciya ta ɗebi yaranmu su ce za su tayar da kabbara a can. Wanda ya shiga ƙasar mutane da biza ya ɗauki alkawarin bin dokarsu, cika alkawari kuwa wajibi ne. In salla suke so, akwai masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003 a kan tudun da ke fuskantar fadar Alhamra, akwai kuma babbar cibiyar Musulunci ta Madrid da aka buɗe a 1992.

Malamin da zai raka su kuma ya iya ba da amsa idan yaro ya tambaya yaya aka yi haka ta faru. Bayan rushewar halifancin Ƙurɗuba a 1031 ƙasar ta tsage gida-gida, kowane gari da sarkinsa, wannan yana biyan sarakunan Kirista na arewa su taya shi yaƙar ɗan'uwansa. Sarkin Garnaɗa na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya yaƙi mahaifinsa ya yaƙi baffansa kafin ya miƙa makullan gari a watan Janairu na 1492. An rubuta yarjejeniya cewa za a bar Musulmi da addininsu, ba a yi shekara goma ba aka warware ta, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin garin. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori jikokinsu, kimanin mutum 300,000. Mu da muke zaune a Kaduna ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan abin da rarrabuwar kai take jawowa.

Sauran sharuɗɗa sanannu ne, ba za mu tsawaita ba. A Mazhabar Malikiyya matafiyi yana kasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya ba. Da bazarar can rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare ko fiye, saboda haka a tafi da jadawalin lokatan salla. Naman alade kuwa shi ne abin alfaharin girkinsu, ana rataye cinyoyinsa a kantuna, kitsensa yana shiga har cikin wasu kayan fulawa. Kifi da ƙwai da shinkafa sun wadatar a inda ba a sami na halal ba. Wasan bijimai a soke shi daga tsarin, domin azabtar da dabba don nishaɗi haramun ne. Idan da 'yan mata a cikin tawagar, maganar muharrami sai an zauna da iyaye an warware ta tun kafin a karɓi kuɗin kowa.

Muka ce wa Alhaji in yana da hali, ba tare da ya ci bashi ko ya taɓa haƙƙin iyali ba, ya biya, amma da sharaɗin a juya takardar: a ba Ƙurɗuba da Garnaɗa da Ishbiliya yawancin kwanakin, tun da jirgin ƙasa mai sauri ba ya cika awa biyu daga Madrid zuwa Ƙurɗuba, a kuma sayi tikitin Alhamra da wuri, don ana ƙayyade masu shiga kowace rana. In makaranta ta ƙi, to ya riƙe kuɗinsa.

Ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ce zai kai maganar taron iyaye da malamai na ranar Asabar. Kafin ya tafi ya roƙi aron Ashafarmu, wai yaron zai riƙa zuwa bayan Magariba muna biya masa daga yanzu har ranar tashi.