Tukunyar Talaka Ba Ta da Jam'iyya

'Yan uwana a wannan tafiya, duk lokacin da aka taɓo maganar yunwa a shafukanmu, abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne ɗora hotunan buhunan shinkafa masu ɗauke da fuskar oga, sai a bi da "Allah ya ƙara girma" har ɗari biyar. Bayan kwana uku shinkafar ta ƙare, wanda ya samu mudu ɗaya ya koma gidan jiya, wanda bai samu ba kuma ya kwana da haushinmu. Ni ina ganin lokaci ya yi da za mu matsa wa shugabanninmu su yi abin da ya fi rabon buhu ɗorewa, wato gidajen abinci masu rahusa da gwamnati ke tallafawa. Zan kawo misali daga kudancin Indiya, domin a can an gwada abin, an kuma ga yadda siyasa ke raya shi ko ta kashe shi.

A watan Fabrairun 2013, gwamnatin jihar Tamil Nadu ƙarƙashin Jayalalithaa ta buɗe wasu gidajen abinci a birnin Chennai. Magoya bayanta suna kiranta Amma, wato Uwa, shi ya sa aka raɗa musu suna Amma Unavagam, gidan abincin Uwa. Da safe ana sayar da idli, wata irin wainar shinkafa da ake turarawa, a kan rufi ɗaya kuɗin Indiya. Da rana shinkafa da miyar kayan lambu rufi biyar, shinkafa da kindirmo rufi uku. Hukumar birni ce ke ɗauke da ragowar kuɗin, matan ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni kuma su ne ke girki da share wuri ana biyansu. Ba a tambayar kowa katin shaida, ba a tambayar wa ka zaɓa. Lebura, mai tuƙa adaidaita, ɗalibi, tsohuwa mai jinya a asibiti, kowa ya biya kuɗinsa ya ci. A Chennai kaɗai gidajen sun kai wajen 400, kuma lokacin kullen korona a 2020 har kyauta aka riƙa ba da abincin.

Jayalalithaa ta rasu a Disambar 2016. A Mayun 2021 jam'iyyarta ta faɗi zaɓe, babbar abokiyar hamayyarta DMK ta karɓi mulki ƙarƙashin M.K. Stalin. Ana cikin murnar nasara sai wasu 'yan DMK biyu suka afka wa ɗaya daga cikin gidajen a Chennai, suka cisge allon da ke ɗauke da sunan matar da hotonta suka yar. Kun san abin da jam'iyyar ta yi? Korar yaran ta yi, 'yan sanda suka kama su, aka mayar da allon wurinsa. Stalin ya bar gidajen suna aiki da sunan matar da ta shafe shekaru tana gaba da mahaifinsa a siyasa.

Yanzu ku leƙa maƙwabciyarsu, jihar Andhra Pradesh. A 2018 Chandrababu Naidu ya buɗe irin waɗannan gidaje da sunan Anna, ana cin abinci a kan rufi biyar. A 2019 ya faɗi zaɓe, Jagan Mohan Reddy ya hau, cikin 'yan watanni aka garƙame su, sabuwar gwamnati tana cewa an yi almundahana wurin gina su. To in an ci kuɗi, ai ɓarawon ake kamawa. Amma wanda aka hukunta shi ne leburan da ke karyawa da rufi biyar. Shekara biyar gine-ginen na rufe, sai da Naidu ya dawo mulki ya sake buɗe su ranar 15 ga Agustan 2024. A jihar Rajasthan ta arewa kuwa suna ake ta juyawa: wata gwamnati ta ce Annapurna, mai bi mata ta ce Indira, ta bayanta ta sake komawa Annapurna, ana ta kashe kuɗi a kan fenti da allo.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wannan halin na Andhra ai mu ma mun san shi: aikin da wanda ya gabace ka ya fara, ko da asibiti ne, a bar shi ciyawa ta cinye don kada a yabe shi. Kuma mu magoya baya, mu sojojin baka, mu ne ke zuga a yi hakan. Ba na cire shafin nan daga ciki.

Buƙatar kuwa a fili take. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, abinci ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. A Disambar 2024, cikin mako ɗaya, mutane da dama suka mutu a turmutsitsin karɓar kayan abinci da kyauta a Ibadan da Okija da Abuja, akasarin na Ibadan ma yara ne. Abin da rabo na rana ɗaya ke haifarwa ke nan: kowa ya san in bai samu yau ba shi ke nan, sai a tattake juna. Gidan abincin da aka tabbata gobe ma yana nan a buɗe ba ya tara irin wannan cunkoso. Kuma wanda ya zaro 'yan canjinsa ya biya, ya ci da mutuncinsa, babu mai ɗaukar hotonsa yana miƙa hannu.

Na san abin da wasunku za su ce. Na farko, asara ce. Gaskiya ne, gidajen Chennai ba su taɓa mayar da kuɗinsu ba, kuma da aka bar farashin yadda yake tun 2013 alhali kayan masarufi na tashi, an yi ta kukan cewa inganci ya ragu, kayan aiki sun tsufa. Darasin shi ne a sa farashin da za a iya dubawa lokaci-lokaci, a kuma ware kuɗin gyara tun farko. Makaranta ma ba riba take kawowa ba, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, za a kashe kasuwar mai tuwo-tuwo da mai ƙosai da mai shinkafa da wake. Wannan damuwa ce ta gaske. Maganinta a ɗauki waɗannan matan su zama masu girkin, a sayi hatsi da kayan miya a hannun manoman jihar, a kuma kafa gidajen a inda buƙata ta fi yawa: bakin asibiti, tashar mota, kasuwa, wuraren da leburori ke taruwa.

Na uku, za a cinye kuɗin. Mun ga yadda shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, ya tsaya a Janairun 2024 lokacin da aka dakatar da shirye-shiryen tallafi saboda binciken kuɗaɗe. Yara ne suka kwana a ciki. Saboda haka kowane gida a liƙa lissafinsa a bango: kwano nawa aka dafa, nawa aka sayar, wa ya kawo kaya. A ci a wurin, ban da ƙullawa a leda, don kada wani ya kwashe ya je ya sayar. Kwangila kuma ba ladan wahalar kamfen ba ce.

Roƙona biyu ne. In Allah ya ba mu dama, a kafa shirin da dokar majalisar jiha, da kasonsa a kasafin kuɗi, a sa masa sunan unguwa ko na gari, ban da jar hula ko tsintsiya ko lema a jikin bango, ta yadda wanda zai gaje mu ba zai ga dalilin rufe shi ba. In kuma abokan hamayyarmu ne suka riga mu farawa, mu sa ido a kan lissafinsu, mu tona asirin ɓarayi, amma kada bakinmu ya furta a kashe wutar murhun.

Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa, a zo da hujja ban da zagi. Allah ya kawo mana sauƙin rayuwa, ya ba shugabanninmu tausayin talaka.