Ina Wutar Rana Da Aka Yi Mana Alkawari?

Jama'a za su tuna cewa a cikin watan Yuli na 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanoni 14, a kan su kafa tashoshin lantarki na hasken rana da kuɗinsu, ita kuwa ta riƙa sayen wutar har shekara 20. Aka ce za a sami megawat 1,125, yawanci a nan Arewa: Katsina, Jigawa, Bauchi, Sakkwato da Kaduna. Aka buga tambari, aka ɗauki hotuna. To, shekaru suka yi ta wucewa ba a gina ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ba rana ce ta yi mana rowa ba. Kuɗi ne. An yanke farashin wutar da dalar Amurka, santi 11.5 kowane awo, alhali talaka da naira yake biya. Kamfanonin suka ce ba za su zuba dukiyarsu ba sai gwamnati ta tsaya musu lamuni, gama sun san kamfanonin rarraba wuta ba su cika biyan kuɗin wutar da suka karɓa. Gwamnati kuwa ta riga ta ɗanɗana irin wannan lamuni a tashar gas ta Azura a jihar Edo, inda dole ta biya kamar dala miliyan 30 kowane wata, ko an sha wutar ko ba a sha ba. Sai ta noƙe, ta ce a rage farashi zuwa santi 7.5. Nan magana ta tsaya.

Mu ba mu ƙi haɗin gwiwa da 'yan kasuwa ba, amma muna tambayar mahukunta: ashe ba a yi wannan lissafi tun kafin a sa hannu ba? Dalar da take kusan naira 300 a 2016 ta haura 1,500 a 2024. Da an gina tashoshin a kan wancan sharaɗi, wa zai ɗauki nauyin? Tela da mai injin niƙa ne. Tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Kano a 2023 ma, kuɗin jama'a ne ya gina ta.

Saboda haka muna neman duk wata yarjejeniya irin wannan a kawo ta gaban majalisa tukuna, a buga sharuɗɗanta a jarida da Hausa, a faɗa mana da wane kuɗi za a biya, da kuma wanda zai biya in aiki ya lalace.