Yaƙin Iran da Iraki: Yadda Aka Sa wa Rigimar Iyaka Rigar Addini

Ran 22 ga watan Satumba 1980 sojojin Iraki suka ƙetare iyaka suka faɗa wa Iran. Wutar ba ta mutu ba sai ran 20 ga Agusta 1988, bayan an yi hasarar rayukan da ake ƙiyasta sun kai rabin miliyan. Ƙasashen nan biyu na Musulmi ne, alƙiblarsu ɗaya, kowane sashe kuwa yana kiran matattunsa shahidai. Duk mai son ya fahimci aikin da addini ke yi cikin yaƙe-yaƙen zamani, ya kamata ya tsaya ya dubi wannan.

Mafarin rigimar dai abin duniya ne. Akwai kogin Shaɗɗul Arab, watau hanyar da jiragen ruwan Iraki ke bi su fita teku, wanda yarjejeniyar Aljiyas ta 1975 ta raba tsakanin ƙasashen, Saddam Husaini kuwa yana ganin an ƙware shi. Akwai lardin Khuzistan na Iran mai arzikin man fetur. Akwai kuma tsoro, gama tun daga juyin juya halin 1979 Ayatullahi Khumaini ke kiran mutanen Iraki, waɗanda mafi yawansu 'yan Shi'a ne, su tumɓuke gwamnatin Ba'as.

Amma da wuya uba ya miƙa ɗansa ga mutuwa saboda tsakiyar kogi, don haka kowane shugaba ya nemi rigar addini ya yafa. Saddam, wanda jam'iyyarsa ba ta kafu bisa addini ba, ya raɗa wa yaƙin suna Ƙadisiyya, don tunawa da karon da rundunar Musulmi ta yi da daular Farisa zamanin Halifa Umar. Iran kuwa ta ɗauki Karbala, inda aka kashe Sayyidina Husaini, ta ce hanyar Ƙudus ta nan ta bi. Dubban 'yan sa-kai na rundunar Basij, har da yaran makaranta, suka riƙa tunkarar bindigogi da filayen nakiya, sun sakankance Aljanna ce gabansu.

A shekarar 1982 ne illar wannan ta fito fili. Cikin watan Mayu Iran ta ƙwato birninta na Khurramshahar, cikin Yuni Iraki ta janye mafi yawan sojojinta ta nemi sulhu. Duk wanda ya taɓa zama a kara ko kasuwar goro ya san ciniki ba ya faɗawa sai mai saye ya ƙara, mai sayarwa ya rage. Haka rigimar ƙasa take: ana auna fili, a ja layi, kowa ya bar wani abu. To, shugaban da ya shaida wa jama'arsa cewa da rundunar kafirci yake yaƙi, me zai rage? Da wane baki zai gaya wa uwar shahidi an shirya? Tun 1981 kwamitin sulhu na ƙasashen Musulmi, ƙarƙashin Shugaba Seku Ture na Gini, ya yi ta kai da kawowa a banza. Cikin Yuli 1982 Iran ta kutsa ƙasar Iraki ta nufi Basra, aka ƙara shekara shida ana zubar da jini.

Abin lura kuma, su manyan ba su bar aƙida ta hana su ciniki ba. Siriya, wadda ita ma Ba'as ke mulkinta a lokacin, Iran ta mara wa baya. A 1986 asiri ya tonu cewa Amurka, wadda Tehran ke kira Babban Shaiɗan, tana sayar mata da makamai a ɓoye, da hannun Isra'ila ciki, alhali tana taimakon Iraki. Saddam mai kirarin Ƙadisiyya shi ya zuba iskar guba a garin Halabja cikin Maris 1988, Kurdawa Musulmi wajen 5,000 suka hallaka. Wannan shi ne fakewa da guzuma a harbi karsana.

Ƙarshenta Khumaini ya karɓi ƙuduri na 598 na Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Yuli 1988, ya kwatanta hakan da shan guba. A Agusta 1990 Saddam, da ya mamaye Kuwait yana neman sauƙi ta gabas, ya koma kan iyakar 1975, watau wadda ya yaga takardarta shekara goma baya. Aka koma gidan jiya, sai dai maƙabartu sun cika.

Imanin waɗanda suka mutu na gaskiya ne, shi ya sa laifin masu wasa da shi ya yi girma. Saboda haka in mai mulki ya hau mumbari ya ce yaƙinsa na Allah ne, wajibi ne mai hankali ya tambaya: ina kogin, ina rijiyar man, kuma me za a ba shi ya ajiye makami? In ba shi da amsar ta ƙarshe, 'ya'yan talakawa ne za su biya. Allah ya kiyaye.