Tukunyar gas ta girki ce, ba ta ƙarƙashin kujerar ƴan makaranta ba

Ƙanen mai ɗakina direba ne. Yana da tsohuwar Hiace mai shan gazuwal, yana jigila tsakanin Madarunfa da Maraɗi, kuma a farkon kowane mako rabin fasinjojinsa ɗalibai ne masu komawa makarantun birni. Ran nan bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida da waya a hannu. Wani bidiyo ya gani a Facebook, wai ana haɗa wa motar gazuwal tukunyar gas, ta riƙa shan biyun tare, kuɗin mai ya ragu. Ya ce: "Yaya Mushe, kai ne mai lissafi, duba mini ko abin zai fitar da ni."

Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya ratsa lambunan bakin tafki ko na Jiratawa ya ga injin ban-ruwa da aka sa wa tiyo daga tukunyar gas. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin da ke shigo mana ta Ɗan Isa cikin jarka ya daina araha, kowa ya shiga neman dabara. Masu janareta ma sun bi sahu. Direba ya ga mai lambu ya samu sauƙi, dole ya ce shi ma a yi da shi.

Sai dai injin ban-ruwa da janareta na fetur ne, kuma a nan bambancin yake. Injin fetur yana da buji, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira filogi, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna mai. Ka cire fetur ka sa gas, tartsatsin nan zai kunna shi. Injin gazuwal ba shi da wannan. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa gazuwal a ciki ya kama da kansa. Gas ba ya kamawa a kan lokaci ta wannan hanyar. Shi ya sa ba a raba irin wannan injin da gazuwal: ana shigar da gas ɗin tare da iskar da injin ke zuƙa, gazuwal kuma ya zama ashanar da ke kunna shi. Abin da gas ke iya maye wa gurbi a irin wannan haɗi yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku ba. In aka yi zari aka ƙara, injin ya fara ƙwanƙwasa, zafi ya hau, fistan ya ci wuta. Mai bidiyon bai faɗi wannan ba.

Na ɗauko alli muka yi lissafin a jikin ƙyauren gida. Tun saukin da aka yi a watan Yulin 2024, litar gazuwal sefa 618 ce. Tukunyar gas mai kilo 6, a farashin hukuma, sefa 1,800, wato kilo ɗaya 300. Ta fuskar ƙarfin wuta, kilo 4 na gas sun yi kusan lita 5 ta gazuwal. Shi kuma ya ce yana ƙona kamar lita 20 a yini. In gas ya ɗauke kashi ɗaya cikin huɗu, ya huta da sayen lita 5, sefa 3,090 ke nan, ya sayi gas na 1,200. Rarar 1,890 a yini. Idonsa ya yi haske, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan kuɗin cefanen gida ne, kuma ni da nake jiran ƙarshen wata na san darajarsu.

Amma ban ajiye allin ba. Kilo 4 a yini, a wata kilo 120 ne, tukunya 20 ke nan. A gidana tukunya ɗaya tana kai mu kamar mako biyu in ana haɗawa da gawayi. Ashe mota ɗaya za ta shanye gas ɗin gida goma irin nawa. Ku ƙirga motocin da ke tashar Maraɗi kaɗai.

Gas ɗin nan daga matatar SORAZ ta Damagaram yake fitowa, wadda aka buɗe a 2011, kuma ba don ya fi ƙasa araha aka tsayar da farashinsa haka ba. An tsayar da shi ne don mata su bar murhun icce, daji ya samu ya huta. Mu da ke kusa da dajin Baban Rafi mun san yadda amalanken icce ke fita daga cikinsa. Mun kuma san cewa ko yanzu gas yana yankewa, ka ɗauki tukunya ka zaga gari ka dawo da ita fanko, ko ka same shi sama da farashin hukuma. Ranar da motoci suka shiga layin nan, ba matar malamin makaranta za ta riga direba ba. Shi yana da kuɗi a hannu kullum, kuma ko an ƙara masa farashi yana da riba.

In gas ya yanke a gida, waye ke zuwa icce? Duk malamin da ke kiran suna da safe ya san amsar. Ƴan mata ne. Su ne ke shigowa aji bayan an gama darasin farko, su ne ke gyangyaɗi, kuma a ƙauyukan da ke kusa da iyaka, inda ƴan bindiga suka hana mutane sakat, tura yarinya daji ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, fiye da batun fistan.

Sai maganar tukunyar kanta. A Turkiyya da Italiya da Koriya ta Kudu motoci masu yawa suna tafiya da irin wannan gas shekara da shekaru, galibinsu masu injin fetur. Amma tankinsu na musamman ne, an ɗaure shi da jikin mota, yana da abin da ke tsayar da cikawa a kashi 80 cikin 100 don gas ya samu wurin buɗawa in ya ji zafi, yana kuma rufe kansa in an kashe mota. Abin da za a yi a garejinmu kuwa na san shi: tukunyar girki, tiyon roba, da igiyar ɗaure ta a bayan kujerar ƙarshe. Ku tuna zafin watan Afrilu a cikin motar da ta yini a rana. Ku tuna ramukan hanya. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, kwanciya yake a ƙasan mota wajen ƙafafun fasinja, yana jiran mai sigari ko wayar batir da ta goge. Mota mai ƙofa ɗaya ta fasinja, an cusa mutum 19, yara a can baya. Allah Ya kiyaye.

Kada a ce ina gaba da sabon abu. In hukuma ta ga gas ya wadata har ya yi saura, to a buɗe wuraren shan gas na mota da farashinsu daban, a shigo da tanki na gaskiya, a koya wa matasan cibiyoyin koyon sana'a yadda ake haɗawa, a kuma riƙa duba motar kafin ta ɗauki mutane. Makanikanmu ba su rasa basira ba. Wanda ya iya tayar da injin da Turai ta yar shekara 20 da suka wuce zai iya wannan in an nuna masa. Kafin nan, ina ganin ya kamata a hana ɗaukar fasinja da tukunyar girki a haɗe da injin, kuma shugabannin tasha su ne farkon masu iya hanawa.

Iyaye, in za ku sa yaro a mota, ku leƙa bayan kujera, ba abin kunya ba ne. In kun ji warin gas, ku sauke shi ku jira ta gaba. Malamai ƴan'uwana, lissafin da muka yi a ƙyaure ya dace da ƴan aji shida, na ba nawa shi a makon jiya, kuma wata yarinya ce ta fara gano cewa tukunya 20 girkin gida goma ne.

Shi kuwa ƙanen mai ɗakina, ya tsaya yana kallon alkaluman, ya ce zai yi shawara. Yayarsa da ke jin mu daga tsakar gida ta ɗaga murya ta ce ya yi shawararsa da kyau, amma kada ya kuskura ya zo aron tukunyarta.