Lemon gwangwani muke tsoro, ruɓaɓɓiyar gyaɗa muke ci

A makon jiya mahaifiyata ta turo mini wani saƙon murya a WhatsApp, irin wanda aka tura aka sake turawa har ba a san mai shi ba. Wani mutum ne yake ta rantsuwa wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar lemon gwangwani marar sukari yana sa kansa. Da na je gaishe ta da yamma, na tarar ta riga ta kafa wa jikokinta dokar hana shan lemo. A tsakar gidan kuma ga tiren gyaɗa an sayo da araha za a kai niƙa don miya, wasu ƙwayoyin sun yamutse, wasu sun yi baƙi-baƙi. Na ce, "Mma, wallahi gyaɗar nan ta fi lemon ba ni tsoro." Ta dube ni ta ce, "Kai dai da bokonka. Gyaɗar da muka ci muka girma?"

Ni ba likita ba ne. Kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Kumasi, kuma abin da zan faɗa bai wuce abin da nake gaya wa ɗalibaina ba. Amma na gaji da ganin yadda kalmar "kansa" take firgita mutanen zango a inda haɗarin kaɗan ne, ta bar su sake da baki a inda yake da yawa.

Bari mu fara da yadda ake gwada sinadari, don daga nan ruɗanin yake tasowa. Ba a ɗaukar mutum a ɗura masa abu a jira a ga ko zai kamu. Ɓeraye ake ɗauka, maza da mata, a kasa su rukuni-rukuni, a riƙa ba su sinadarin har kusan shekara biyu, wato kusan tsawon rayuwarsu. Wani rukunin a ba shi kaɗan, wani da yawa ƙwarai, wani kuma ba a ba shi komai don a kwatanta. Daga baya a duba hantarsu da ƙodarsu da sauran kayan ciki a ƙirga ƙari. Idan kuma abin da ake zubawa a abinci ne, sai a nemo adadi mafi yawa da bai yi wa ɓeran komai ba, yawanci a raba shi gida 100, a ce kaso ɗaya shi ne abin da mutum zai iya ci kullum.

To amma ɓera ba mutum ba ne. A shekarun 1970 wani sinadarin zaƙi mai suna sakarin ya sa wa ɓeraye kansar mafitsara, Amurka ta sa aka riƙa rubuta gargaɗi a jikin kayan da ke ɗauke da shi. Da aka ci gaba da bincike sai aka gano abin ya danganci irin fitsarin ɓera ne, ba ya faruwa haka a jikin ɗan Adam. A shekarar 2000 aka cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi. Shi ya sa masu binciken ba sa tsayawa a kan ɓeraye, sai sun haɗa da nazarin mutanen da suka daɗe suna hulɗa da abin.

Cibiyar da ke tattara waɗannan hujjoji tana birnin Liyon na Faransa, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Tana da rukunai: 1, 2A, 2B da 3. Ga inda mai saƙon muryar ya kwafsa. Rukunan nan ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba. Taba sigari tana rukuni na 1, naman da aka sarrafa irin su sosej shi ma tun 2015 yana nan, amma babu mai hankalin da zai ce ɓarnarsu ɗaya. Shi asfatem ɗin da ke cikin lemo marar sukari, a watan Yulin 2023 aka sa shi a 2B, wato akwai 'yar alama amma hujjar ba ta kai ba. A wannan rukunin har ruwan ganyen alobera yana ciki, wanda wasunmu ke sha da sunan magani. A rana guda kuma wani kwamitin masana na hukumar ya ce ma'aunin da aka sani yana nan, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 a kullum kafin ya tsallake shi. Ban ce a sha lemo ba fa, ni ma ba na ba 'ya'yana. Amma waye a zangon nan yake da kuɗin gwangwani goma a rana?

Yanzu mu koma kan tiren Mma. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, tana fitar da wani dafi da ake kira afalatoksin. An gano shi ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗa. Wannan dafin yana rukuni na 1, babu wai-wai: ya sa wa dabbobi kansar hanta, an kuma tabbatar da hakan a jikin mutane. Idan ya haɗu da mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta na B, haɗarin ninkawa yake yi sosai, ga shi wannan ciwon ya yi yawa a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. A 2004 ma a Kenya mutum 125 suka mutu kai tsaye daga cin masarar da dafin ya yi wa yawa. Tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta gamawa da shi.

Mu kuwa me muke ci? Koko da safe, tuwon masara da miyar gyaɗa da dare, ƙuliƙuli a cikin yajin tsire. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda na sha gani da idona: a tsince gyaɗa mai kyau a sayar da tsada, sauran da aka ware ba a zubarwa, sai a kai injin niƙa. In ta zama markaɗe wa zai gane? Ba duk masu sana'ar ke yin haka ba, na san mata da yawa da ke zubar da marar kyau suna ɗaukar asarar. Amma mai yi, ko me ya kira shi, algus ne. Irinsa ne aka kama a 2015, lokacin da Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana ta gwada manjan kasuwannin Akra ta tarar kusan duka an zuba masa wani rini mai suna Sudan IV don ya ƙara ja. Da ba a kai shi ɗakin gwaji ba, da har yau muna yabon kalarsa.

Abin daɗin shi ne maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ƙasar Gini an taɓa gwadawa a wasu ƙauyuka: manoma suka riƙa tsince gyaɗa da hannu, suna shanya ta a kan tabarma har ta bushe ƙarau, suna ɗora buhunan a kan katako maimakon ƙasa. Da aka auna jinin mutanen, alamar dafin ta ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da ƙauyukan da ba su yi ba. Sai allurar ciwon hanta na B, wadda Gana ta sa a rigakafin jarirai tun 2002. Mu da aka haifa kafin nan yawancinmu ba mu samu ba. Ni kaina sai bara na je aka gwada ni aka yi mini.

Ita hukumar abinci, ina roƙon ta riƙa ɗibar samfurin markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ƙullun masara a kasuwannin da talaka ke saye, ta kuma faɗi sakamakon a rediyo da Hausa da Tiwi da Dagbani, kada ya tsaya a takardar Turanci. Ranar dai ni da Mma muka zauna muka tsince gyaɗar nan tsaf, muka cika ƙaramin kwano da marar kyau. Ta ce a watsa wa kaji. Na ce ko su kar a ba.