Bashin Benkateswara da asusun masallatanmu

Yawancinmu abin da muka sani game da ƙasar Indiya bai wuce fina-finai da magunguna da masu zuwa asibiti ba. Yau za mu leƙa wani wuri a kudancin ƙasar, cikin jihar Andhra Pradesh, inda ake da duwatsu bakwai da ake kira Tirumala, kusa da garin Tirupati. A kan duwatsun nan ne ɗakin bautar Benkateswara yake, wanda mabiya addinin Hindu suka ɗauka ɗaya ne daga siffofin abin bautarsu Bishnu. Wasu na kiransa Balaji, wasu Gobinda. A kowace rana mutum 60,000 zuwa 80,000 ne ke shiga layi don su ga mutum-mutuminsa na baƙin dutse, wasu bayan sun taka matakala sama da 3,500 da ƙafa.

A labarin da suka gada, Benkateswara ya ci bashi wajen Kubera, mai kula da dukiya a aƙidarsu, domin ya yi hidimar aurensa da Padmabati, kuma har yau bai gama biya ba. Shi ya sa masu ziyara ke jefa kuɗi da zinariya cikin wani babban asusu mai suna hundi, wai suna taya shi biya. Dubbai kuma kullum suna aske kansu ƙwal, maza da mata, don cika alwashi. Gashin nan ana tara shi a yi gwanjonsa, kamfanoni su saya su gyara, wani kaso ya ƙare a kasuwannin Afirka da sunan gashin Indiya. Ke nan har kuɗin wasu matanmu na iya kaiwa can ba tare da sun sani ba.

Mu Musulmi aƙidarmu a fili take, Allah ɗaya ne ba shi da abokin tarayya, kuma ba ya cin bashin kowa. Ba mu ɗauko wannan labari don yabon bautarsu ko zagin ta ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne inda kuɗin ke tafiya bayan an jefa shi.

Tun dokar 1932 akwai hukuma mai suna Tirumala Tirupati Devasthanams da ke riƙe da wurin. Ma'aikata na ƙirga abin da aka tara a asusun, a sanar da adadin kowace rana, jaridu su buga. A shekarar 2022 hukumar ta fito da bayanin dukiyarta, ta ce tana da zinariya fiye da tan 10 da kuɗi kimanin rupi miliyar 159 ajiye a bankuna. Tun 1985 ake ciyar da masu ziyara kyauta, kuma hukumar na tafiyar da asibitoci da makarantu, har da asibitin gyaran ƙashi ga naƙasassu.

To, mu fa? Kowace Juma'a ana zagaya da kwali ko tabarma a ƙofar masallaci. Lokacin kaka ana fitar da zakkar gero da wake, attajirai na fitar da ta kuɗi. Amma a unguwa nawa ne aka taɓa tashi bayan salla aka ce ga abin da ya shigo a watan nan, ga abin da aka kashe? Rufin masallaci na yoyo shekara da shekaru, ladan ba shi da abin sawa a bakin salati, almajirai na yawo da roba a bakin tasha, marar lafiya na kwance don an rasa jaka biyar ta magani. Wanda ya yi tambaya sai a ce ba ya ganin girman malamai, ko a ce sadaka tsakanin bawa da Ubangijinsa ce. Gaskiya ne ladar mai bayarwa na wajen Allah, amma wanda ya karɓa amana ya karɓa, ita kuwa amana ana tambayar ta tun a duniya.

Kada a ɗauka can ɗin babu matsala. A watan Satumba na 2024 shugaban gwamnatin jihar, Chandrababu Naidu, ya yi zargin cewa an gauraya kitsen dabba cikin man shanun da ake yin alewar laddu ta wurin, har Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umurnin a yi bincike. A watan Janairu na 2025 kuma mutum 6 suka mutu a turmutsitsin karɓar tikiti a Tirupati. Ƙari a kan haka gwamnatin jiha ce ke naɗa shugabannin hukumar, abin da ke shigo da siyasa cikin harkar. Wannan ba ma fatan sa ga masallatanmu. Sai dai a lura, da abin ya ɓaci an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, akwai takardu, akwai wanda za a tsayar ya yi bayani.

Kuma ba aro za mu yi ba, namu ne muka bari. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi ga jama'a. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi take. Addinin da ya ce a rubuta bashin mutum biyu ba zai hana a rubuta dukiyar al'umma ba.

Shawararmu ƙarama ce. Kowane masallacin Juma'a ya kafa kwamiti na mutum uku ko biyar, ban da limami, domin a kare mutuncinsa. A riƙa ƙirga kuɗi a gaban shaidu, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a ƙarshen wata, a liƙa a bango. Gidajen rediyon karkara su ba da minti biyar kyauta don karanta lissafin. Mun yi imani duk wanda ya ga inda dalarsa ta tafi, gobe zai ƙara.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.