WAI FILTAR DA KE RAGE SHAN MAI: A DAINA YAUDARAR MASU MOTA

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a 2024, kowane mai mota ya shiga neman dabarar rage shan mai. Ba laifi ba ne. Laifin na wajen masu cin kasuwa da wannan halin da ake ciki.

Abin da ake yayi yanzu shi ne a cire akwatin filtar iska na asali, a ɗaura wani bututu mai ƙyalli da wata filta mai kama da mazurari, ja ko shuɗiya. A TikTok za ka ga an buɗe boneti, an taka totur, mota ta yi gurnani, sai mai talla ya ce wai yanzu injin yana numfashi, ƙarfi ya ƙaru, mai ya ragu. Haba jama'a! Yaushe ƙara ta zama ƙarfi?

Bari mu yi lissafi. Injin fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙona mai kilo 1. Ma'ana, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. In tankinka lita 50 ne, kafin ya ƙare injinka ya zuƙi iska wajen lita 450,000. To wace iska? Iskar Kano da Katsina da Maraɗi, wadda daga Nuwamba zuwa Maris ke cike da ƙurar hunturu da ke tasowa tun daga yankin Bodele na ƙasar Chadi. Ka wanke mota da safe, kafin azahar ana iya rubuta suna a gilashinta. Abin da ya raba wannan ƙurar da cikin injinka shi ne filtar da ake ce maka ka jefar.

Ita filtar kwalliyar, musamman ta arha marar suna, tana barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ƙofofinta sun fi faɗi. Ƙofar da iska ta bi, nan ƙura za ta bi. In ta shiga ta gauraya da baƙin mai, sai ta riƙa goge ringi da bangon silinda a hankali. Ba rana ɗaya za ka gani ba. Sai an ɗan jima mota ta fara shan baƙin mai, salansa ta fara hayaƙi, a ce maka sai an sauke inji. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Sai zancen rage shan mai, wanda shi ne babbar ƙaryar. Motar zamani kwamfuta ke auna mata mai. Akwai sansa mai auna iskar da ke shiga, akwai wata a salansa mai duba yadda man ya ƙone. Gwargwadon iskar da ta shiga, gwargwadon man da nozul za su fesa. Kuma a tuƙin cikin gari abin da ke taƙaita iska shi ne totur ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ta ina ragin zai fito? Hasali ma mai wannan filtar ya fi taka mota, don yana son jin gurnanin da ya saya da kuɗinsa.

Ƙarfin fa? Kamfani ya jawo bututun asali ne zuwa gaban mota don ya ɗebo iskar waje mai ɗan sanyi. Shi kuwa gwanin namu ya ajiye filtar tsirara a gefen inji, tana shaƙar hucin lagireto. Iska in ta yi zafi sai ta yi shara-shara: duk ƙarin digiri 10 yana rage nauyinta da kusan kashi 3 cikin 100. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, ka ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin boneti a cunkoso. An je neman ƙiba an samo rama. Wasu kuma su saukar da bututun ƙasa kusa da bamba. Damina ta zo, ka shiga ruwan da ya kwanta a titi, inji ya zuƙa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, nan take sandar fistin za ta lanƙwashe.

Na san za a ce mini ai a Amurka ma ana sawa, ga kamfanoni irin K&N. Gaskiya ne. Amma can akan ƙera kayan ne daidai da samfurin mota, sau da yawa da shingen da ke raba filtar da zafin inji. A jihar Kalifoniya ma doka ba ta yarda ka hau titi da irin wannan canjin ba sai hukumar kula da tsabtar iska ta amince da kayan. Kuma filtar mai maiƙo tana son wanki da shafa mai daidai ƙima, in ya yi yawa ya ɓata sansar iska. Wa ke yi mana wannan a nan? Mai motar tsere da aka sake wa saitin kwamfuta daban, mai Corolla da ke kai yara makaranta daban.

Ku duba masu aiki cikin ƙura da gaske mana. Tarakta da tirela da motocin da ke keta sahara, ƙara girman filta ake yi musu, a ɗaga bakin bututun sama inda ƙura ba ta da yawa. Su suna ƙarawa, mu muna ragewa.

Makanikanmu, ina ganin girmanku, da yawanku masu amana ne. Amma wannan ɗabi'ar ta duk abin da ba a gane amfaninsa ba a cire, ta isa haka. Jiya tamostat aka ce na ƙasar sanyi ne, aka cire, aka haɗa fanka kai tsaye. Shekaranjiya indomin salansa. Yau akwatin filta. Shi mai motar, wanda sabon inji ya fi ƙarfin albashinsa, shi ke kwana a ciki.

Mai son rage shan mai da gaske, hanyar ba ta da ƙyalli: iskar taya daidai, fulogi masu kyau, juyen mai a kan kari, filta ta asali da ake dubawa akai-akai lokacin hunturu, a sauke tarkacen da ke but, a sassauta ƙafa. In kuma gurnanin kake so, kuɗinka ne, motarka ce, sai dai ka san abin da ka saya. Wanda aka riga aka cire wa nasa, ya koma garejin ya karɓo akwatinsa tun kafin a sayar wa 'yan gwangwan.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma kawo mana sauƙin rayuwa.